Ƙarfen Tsakiyar Gado

Shekara uku na yi ina aiki a wani gareji da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Deptford a Landan, daga ƙarshen shekarun tamanin zuwa farkon na casa'in. Aikinmu shi ne a kawo tsohuwar motar ɗaukar kaya mu mayar da ita motar kwana. A sa mata kujerun da ke zama gado, da ɗan murhun gas, da kabad, da labule, masu saye su kwashi iyali su tafi bakin teku. Ni ne mai kushin. A Kaduna na koyi sana'ar a hannun ƙanen mahaifina, kuma ba yabon kai ba, na iya ta.

Amma ba don hannuna mai garejin ya fi so na ba, don tsawona ne. Allah ya yi ni dogo, yawancin ƙofofi sai na sunkuya nake shiga. Duk sa'ad da mai saye ya zo, sai mai garejin, wanda Bature ne, ya kira ni daga bakin keken ɗinki ya ce in zo in kwanta. In cire takalmi, in hau gado, in miƙe, mutane suna tsaye a ƙofar mota suna leƙena. Sai ya ce musu, “Ku duba, in wannan ya shiga, kowa ma zai shiga.” Su yi dariya. Wata mata har hotona ta taɓa ɗauka ba ta tambaye ni ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, ga ni a baje kamar hajar kasuwa. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Iri biyu muke yi. Na farko benci ne guda a baya, yana kallon gaba kamar na kowace mota, da bel ɗinsa na ɗaure fasinja. In dare ya yi sai a ja shi ya miƙe ya zama gado. Da kyan gani, kuma shi mai garejin ya fi son sayarwa, domin ƙarfensa a haɗe yake zuwa mana, ɗaurawa kawai muke yi. Sai dai kabad ya cinye faɗin gadon, soson kuma na zama ne, mai tauri da tudu. Mafi muni, inda mazauni ya haɗu da majingini akwai wani ƙarfe da ya ratsa gadon, daidai ƙugun mutum. Minti biyun farko ba ka jin sa. Bayan minti goma, ba abin da kake ji sai shi.

Na biyu benci biyu ne dogaye a gefe da gefe, suna kallon juna, da tebur a tsakani. Ba su da daɗin zama in mota na tafiya, domin a karkace mutum yake. Amma wajen kwanciya ba a haɗa su. Kowane benci gado ne a shimfiɗe, babu gaɓa, babu tudu, ga hanya a tsakiya. Mutum zai tashi zaune ya sauke ƙafa ƙasa ya miƙe, bai tashi kowa ba. A na farkon kuwa, wanda ke jikin bango sai ya ja gindi har ƙarshen gado kafin ya sauka.

Na sha gaya wa mai garejin zancen ƙarfen nan. Amsarsa ɗaya ce: ba wanda ke kwanciya minti goma kafin ya sayi mota.

Wata Asabar da hantsi wasu mutum uku suka zo. Wani dattijo mai dogara sanda, ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi sosai, da matarsa, wata gajeriyar hajiya mai farin mayafi, da ɗansu, wanda zai yi sa'ata, cikin kwat mai tsada. Ɗan ne ke magana, da Turancin wanda ya tashi a nan. Ya ce mahaifinsa ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya dogon zama a jirgin ƙasa, ga 'yarsu tana aure can arewacin ƙasar, tsofaffin suna son zuwa ganin jikoki. Yana son motar da za a tsaya a hanya baba ya kwanta ya huta.

Mai garejin ya kai su wajen mai benci guda, ya ja shi ya miƙe, ya kira ni. Na cire takalmi na hau. Ya yi maganarsa ta kullum, ɗan ya yi dariya. Sai na ji hajiyar ta ce wa mijinta a hankali, da Hausa, “Alhaji, dubi yadda ya sa ɗan mutane kwanciya kamar rago.”

Daga kwancen na ce, “Sannunku da zuwa, Hajiya.”

Ta dafe ƙirji. Ashe mutanen zangon Kumasi ne, sun daɗe a Edmonton, can arewacin Landan. Muka gaisa, ta tambayi garinmu, mai garejin yana ta murmushi, a zatonsa ciniki nake taya shi. Sai ta matso ta ce, “Ɗana, gaya mini tsakaninka da Allah. Wannan mota, gadonshi yana da kyau?”

Na ce, “Hajiya, kada ku saya. Akwai ƙarfe a tsakiya, yanzu haka yana cin ƙuguna. Kuma Baba ba zai iya sauka shi kaɗai ba. Ga waccan mai benci biyu, ita ce daidai da shi.”

Ta juya wajen ɗanta ta ce, “Ka ji abin da ɗan'uwanka ya ce?”

Ya ji, domin yana jin Hausa sarai, amsawa ce ba ya yi da ita. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ni da safata mai huji, ya ce wa uwarsa da Turanci wai ni mai ɗinki ne kawai, shi ya karanta komai a mujallar motoci, kuma yana buƙatar kujera mai bel saboda yaransa. Zancen bel gaskiya ne, ban musa ba. Na tashi zaune na ce, “To, ɗan'uwa, bari Baba ya kwanta da kansa ya gwada.”

Ya ce ba sai an wahalar da shi ba, suna sauri. Dattijon yana tsaye a kan sandarsa yana kallon gadon. Mota dai tasa ce, bayan da zai kwanta nasa ne, amma duk cikinmu ba wanda ya tambaye shi ko da kalma ɗaya. Ni ma ban tambaye shi ba, da ɗansa na yi magana. Suka sayi mai benci guda.

Bayan kamar sati uku suka dawo, ban da dattijon. Hajiyar ta ce sun yi tafiyar, kwana biyu mijinta ya yi a gadon nan, tun da suka dawo bai iya tsayuwar salla ba, a zaune yake yi. Ta ce a hanya sau biyu sai da ita da ɗanta suka ciccibe shi kafin ya sauka ya kama ruwa, yana ta ba su haƙuri.

Ina bakin keke ina jin mai garejin yana bayani. Ya ce gadon ba shi da laifi, daga kushin ne, ma'aikacinsa ne bai zaɓi soso mai kyau ba, zai yi masa faɗa. A gabana ya faɗa, bai ko rage murya ba. Soson da shi da kansa ya yi oda, ni kuwa na ce masa bai yi ba.

Na ajiye almakashi. Na fito na ja bencin ya miƙe. Ban kula mai garejin ba, ɗan na duba na ce, “Cire takalminka ka kwanta. Minti goma kawai.”

Ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Uwarsa ta ce, “Kwanta.” Ya cire kwat ya kwanta, muna tsaye a kansa, ina duba agogo. Jirgi ya wuce a samanmu, garejin ya girgiza. Kafin minti shida ya fara gyara kwanciya, ya juya dama, ya juya hagu, ya cusa hannu a ƙarƙashin ƙugunsa. Bai cika goman ba ya sauko. Bai dube ni ba, bai kuma ba ni haƙuri ba.

Mai garejin ya ƙi karɓar motar, ya ce an riga an yi tafiya da ita. Da suka fita ya nuna ni da yatsa ya ce in na sake sa baki a cinikinsa in nemi wani wurin. Na ce masa ya ji da kyau, daga yau ɗinki aka ɗauke ni, ba zan ƙara hawa gadon kowa ba, in yana son mai kwanciya ya kwanta da kansa. Bai kore ni ba, domin ba shi da wani mai kushin. Muka yi wata biyar ba gaisuwa, sannan na samu aikin gyaran kujerun bas na bar masa wurin.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan rigimar na hau bas zuwa Edmonton da kayan aikina, dama Hajiya ta kwatanta mini gidan. Motar tana ajiye a gindin dogon benen gidajen gwamnati inda suke zaune. Ƙarfen ba ya ciruwa, shi ke riƙe da bencin. Sai na yanka katako marar nauyi na rufe gadon da shi, na ɗinka katifar soso mai kauri wadda ke naɗewa a daidai gwiwa, na kuma ɗaura mariƙi a jikin kabad ta ɓangaren hannunsa mai lafiya. Tun safe nake yi har la'asar. Hajiya ta sauko mini da shinkafa da wake da shito, miyar yajin mutanen Ghana. Ɗan bai leƙo ba, wai yana da aiki.

Da na gama muka sauko da dattijon a hankali. Ya kwanta, na zauna a bakin ƙofa na ƙyale shi har kusan rabin awa. Sannan na ce, “Baba, yaya ka ji?”

Ya kama mariƙin ya tashi zaune da kansa. Ya ce, “Ya fi da. Amma har yanzu ina ɗan jin shi.”

Na ce, “Na sani, Baba. Iyakar abin da zan iya ke nan.”

Ya sa mini albarka, Hajiya ta cusa mini goro a aljihu. Na tattara kayana na nufi tashar bas, raina a ɓace kamar yadda na zo.