Ɗigo Uku a Cikin Saratu: Ta'aziyyar Dakta Hephzibah Bulus

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, ina gyaran famfo a wani gida a Kamazou aka kira ni aka ce Dakta Hephzibah Bulus ta rasu. Na ƙarasa ɗaure bututun, na wanke hannu, na koma Unguwar Boro na gaya wa matata Saratu.

Dakta, ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani zan rubuta.

Shekara uku ke nan da aka ce sai an cire wa Saratu nono saboda kansa, wato ciwon daji. Ta ce gara ta mutu da abinta. Wata biyu muna fama, ciwon yana ci. Ke ce kika ce mata za a iya ɗebo fata da kitse daga ƙasan cibiyarta a gina wani, muddin jijiyoyin jinin wurin suna nan, don an taɓa yi mata tiyatar haihuwa. Sai ta yarda.

Kika ɗora wani ɗan inji a cikinta, muka ji ƙarar gudun jini, fuu, fuu. Kika ce min, "Oga mai famfo, ka ji layinka? Daga mara yake hawowa ta cikin tsoka. Naman da ba a haɗa masa layi ba, mutuwa yake." Inda ƙarar ta fi ƙarfi kika ɗiga alama da alƙalamin maka, guda uku, kika ce kada ruwa ya taɓa.

Ruwa bai taɓa ba. Amma da safen aikin surukata ta zo da matan zumunta, suka yi addu'a, suka shafe cikin da man zaitun. Alamun suka goge tas. Na zaci za ki ɗaga aikin, kuma na san Saratu ba za ta sake dawowa ba. Ba ki yi faɗa ba. Kika ɗauko injin, kika sake bi a hankali har kika samo su.

"Mama, man ya yi," kika ce wa surukata. "Saura a shafa a goshi."

Awa takwas kuka yi a ɗakin tiyata.

Ubangiji ya gafarta miki, ya ba ki hutawa. Ya ta'azantar da Baba Bulus da 'ya'yanku.

Ranar da kika rasu na gaya wa Saratu. Ta sa hannu cikin riga, yadda kika koya mata ta riƙa duba ko jini na kai wa sabon nonon, ta daɗe. Sannan ta ce, "Da ɗuminsa."

Ishaku mai famfo, Unguwar Boro