Kofin Ruwa a Gaban Motar Asibiti

Wani direban motar asibiti da ake kira Mai Kofi ya shekara ashirin da shida yana ɗaukar marasa lafiya, kuma bai taɓa tayar da mota ba sai da kofin ruwa cike a gabansa. Abokan aiki sun yi masa tsiya har sun gaji. Wai ko aljanun motar yake shayarwa?

Asalin abin, yana sabon kama aiki ya taka birki da ƙarfi, wani tsoho da ke kwance a baya ya zame, kansa ya bugi ƙarfe. Abin ya tsaya masa a rai. Mota dai ta tsaya, to wa ya tura tsohon? Mutumin nan akwai bin diddigi! Ya ɗora kofi, ya zuba masa ido. In ya taka birki ruwa ya yi gaba, in ya fizgi mota ya yi baya, in ya sha kwana ya kwanta gefe. Har a gida sai ya ɗora kwanon ruwa a faranti, yana ja yana tsayawa.

"Malam, ka sake jiƙa min tabarma," in ji matarsa. "Girma dai ya zo, hankali na hanya."

Wata likita ce ta warware masa. "Baba, babu wanda ya tura shi. Duk abin da ke tafiya, tafiyarsa zai ci gaba da yi sai wani abu ya tare shi. Birkinka motar ya kama, bai kama tsohon ba."

"Ikon Allah! Ashe har a littafi akwai?"

Daga nan ya kafa wa kansa doka: abin da ruwa ya ji, shi mara lafiya ya ji.

Wata safiya matarsa ta zame a matakala tana ɗauke da wanki. Ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ce ƙashin baya ne, girgiza ɗaya mai ƙarfi na iya hana ta takawa har abada. Shi ya ja motar. Tsoro ya kama shi, ga ƙaninta a gefe yana ta ihu.

"Yaya, taka mana! Kallon kofi za ka tsaya yi?"

Mai Kofi ya ci gaba da lura da kofinsa. Tun daga nesa yake soma rage gudu, kwana kuwa kamar mai ɗauke da ƙwai, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

Ana sauke ta a ƙofar asibiti ta kamo hannun rigarsa.

"Malam, ya zube?"

"Ko ɗigo."

"To, na yafe tabarmar."

Ya dubi ƙafarta, sai ya ga babban yatsanta yana motsi. Nan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.