Ruwan Alwala a Gindin Ɗoɗɗoya

A ƙofar ɗakina a Goronyo akwai ɗoɗɗoya cikin tsohon bokitin fenti. Ni na shuka abata, don miya da korar sauro. Ba ta taɓa ba ni wahala ba sai da maigidana ya rasu, gida ya cika da mutane.

Matan da suka zo zaman makoki, dangina na Rabah da nasa na nan gari, kowace in za ta yi alwala sai ta tsuguna a bakin bokitin, wai kada ruwa ya zube a banza. Azahar a zuba, la'asar a zuba, ragowar shayi ma nan ake juye shi. Bokitin kuwa ba huji a gindinsa, don ni ɗan kofi nake ba ta, shi ma sai ƙasar ta bushe. Aka share makoki amma gida bai rage ba. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta shimfiɗa tabarma a ɗakina, ta ce ba a barin mai takaba ita kaɗai.

Ganye ya fara yin rawaya, ya langaɓe. Gwaggo ta dube shi ta tafa hannu.

"Wagga aba ƙishirwa taka ji! Ku ƙara mata ruwa."

Aka ƙara. Ni kuwa 'yar manoman albasa ce, na san ko albasa sai an yanke mata ruwa kafin a cire ta, in ba haka ba ta ruɓe a ajiya. Na cusa yatsa a bokitin, na ji ƙasar ta zama laka, har tana wari. Ina tsugune a wurin takaici ya turnuƙe ni, kuma ba na shukar kaɗai ba ne.

Ai abin da ake yi mini ke nan. In na yi shiru a ce kaɗaici ne, a kirawo maƙwabta su taya ni hira. In na ture kwano a dama fura, a tsaya a kaina. Hawaye ya taho, kafin ya kai kumatu an ce sai haƙuri, dole in haɗiye. Mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya ɗanya ya tafi, ban samu na yi kukansa yadda nake so ba. Kuma ba mai mugunta a cikinsu. Wannan ya fi ci mini rai, don ba ni da bakin yi wa mai sona faɗa.

Da na fita takaba, yayana ya zo daga Rabah. Ya tarar na kwantar da bokitin, ina huda gindinsa da ƙusa da dutse, baƙin ruwa na tsiyaya a tsakar gida.

"Bar wanga shirme ki haɗa kayanki," in ji shi. "An gyara miki ɗaki can gida. Ba mu barin ki nan ke ɗai."

"Ba ni zuwa, Yaya."

"Mi kic ce?"

"Cewa niy yi ba ni zuwa."

Gwaggo ta saki salati. "Dud hidimar da munka yi miki?"

"Kun yi, Gwaggo, Allah shi saka muku. Amma ta yi yawa, ruɓewa nika yi. Ku tahi gida. Ran da nika son mutum, da bakina nika kira."

Ban taɓa mayar wa Yaya magana ba sai ranar. Ya karkaɗe rigarsa ya fita, bai sake yi mini magana ba sai da Sallah ta wuce. Gwaggo ta naɗe tabarmarta tana cewa taurin kan ubana ne na ɗauko kaf. Na ji zafi, wallahi na ji, amma ban ce a yi haƙuri ba, na gaji da kalmar nan. Ɗoɗɗoyar rabinta ya mutu, reshe ɗaya ya toho daga baya, shi nake tsinka har yau.

Ranar da suka tafi, rana tsaka, na sa wa ƙofa sakata na zauna a bakin gado. Na yi kuka har muryata ta dishe, ba wanda ya dafa ni, ba wanda ya ce ya isa. Sai na kira sunan maigidana da ƙarfi, sunan da kunya ta hana ni faɗa duk tsawon zamanmu.