Ina Fuskar Baba Maccido?

Kai da ka tura hoton nan a waya, ka rubuta "Allah Ya jiƙan rai" a ƙasansa, tsakaninka da Allah, wa ka gani a ciki? Ni dai farar hula na gani, da farar riga, da wani baƙin rami a tsakaninsu. Wai ramin nan shi ne Baba Maccido mai hoto na Jega Magaji, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Talata, sha biyar ga Afrilu, bayan jinyar mako uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba, shekara talatin da ɗoriya kana fito da fuskokin mutane, yau taka ce ta ɓace.

Duk Jega an san ka da mita a wuya, ma'aunin hasken nan da kake riƙewa a tafin hannu. Samari masu sababbin kyamarori suna ce maka mai carbin lantarki. Ni ma na faɗa, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Ba ka yi fushi ba. Jan hannuna ka yi zuwa rumfar Rufa'i mahauci da tsakar rana, yana sanye da farar riga, ka ce in ɗauka. Na ɗauka, riga ta fito tas, Rufa'i ya koma inuwa. Sai ka kai mitarka ƙarƙashin haɓarsa, ka gaya mini lambobin da zan saita, na sake ɗauka. Ga Rufa'i nan, har tabon wuƙa na goshinsa. Ka ce, "Kyamara riga taka gani, ɗana. Mu kuwa mutum munka zo ɗauka." Ranar na zama almajirin aikinka.

Da allurar tsohuwar mitar ta daina motsi, ni na raka ka Sakkwato sayen wata. Iri biyu mai shago ya ajiye mana. Ɗaya ana leƙawa a saita ta daga nesa kamar bindiga, ɗaya mai farin ƙoƙo kamar rabin ƙwai, wadda ke auna hasken da ke sauka kan mutum. Na nace kan ta farkon, na zuba maka duk abin da na karanto. Ka bar ni na gama. Ka tambayi mai shago wane batiri take ci, ka ce wanda ba a samu a kasuwar Jega ba ka so. Sannan ka ɗauki mai ƙoƙon. "Waccan daga nesa taka harbin mutum. Wagga kuwa dole ka taka har gabanshi, ka yi mai sallama."

Haka ka yi ta takawa. Manoman albasa na Aliero da rana ta ƙone, tsofaffin Kimba da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kowa sai ka je gabansa, ka gaishe shi, ka auna. Gidaje nawa ne a Jandutsi da hoton uba guda ɗaya tak, kuma naka ne?

Kai kuwa ba ka yarda a ɗauke ka. Sau ɗaya ka yarda: bara, a taron ƙungiyarmu ta masu hoto a Maiyama. Da kanka ka sa mita ƙarƙashin haɓarka, ka kira lambobi, na danna sau uku da kyamarar Munir, sakatarenmu, don tawa ta mutu. Na gan ka a ciki, furfura da murmushin nan na gefe guda. Na ce zan karɓa gobe. Goben nan ta kai shekara. Wannan laifina ne, zan mutu da shi.

Ranar sadakar uku, Inna Yalwa, matarka, ta aiko a kira ni zaure. Daga bayan ƙofa ta ce, "Ɗiyarmu Rahma ta haihu, yaron bai san kakanshi ba. Ko kana da hotonshi wanda fuska ta fito?" Na je wa Munir. Ya ce gobe. Na koma, ya ce memorin kyamara ya cika, ya goge hotunan don aikin biki. Jiya kuma aka ce mini ya gaya wa wani suna cikin kwamfutarsa. Kuma shi ne ya saki wancan baƙin ramin da sunan ƙungiya.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka tashi cikin masu hasken fuska. Inna Yalwa, Rahma, da dukkan dangi, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya jaririn nan.

Saura kai, Munir. Kar ka kira ni a waya, kar ka aiko a ba ni haƙuri. Nan ka saki ramin, nan za ka amsa, kowa na gani. In hotunan suna nan, kai wa Inna Yalwa kafin Juma'a. In ka goge, buɗe baki ka gaya wa Jega bikin wa ne ya fi fuskar Baba Maccido.