Gidan da Ba Shi da Sarari

Shekarar da mutanen tsallaken kogin Komadugu suka fara kwararowa Diffa gudun hijira, gwaggon maigidana ta sauka a gidanmu da ƙullin kaya ɗaya da buta. Tsohuwa ce doguwa, Hausarta da nauyin Barbarci. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba, sai da ta zaga gidan tana shafa katanga da tafin hannu.

"'Yata, gidanku ba shi da sarari," in ji ta.

Maganar ta sosa mini rai. A tsakar gidan nan muke shanya tattasan garkarmu gaba ɗaya. A sanina sarari fili ne, ko kuwa lokaci, kamar in ce ban samu sararin zuwa kasuwa ba. Na nuna mata faɗin wurin. Ta girgiza kai.

"Ba faɗi nake nufi ba. In aka tsaya maku a ƙofar nan, ta ina za ku juya?"

Bayan kwanaki, muna tsince tattasai, ta ce gidanta na can ya fi namu girma, shi ma ƙofa ɗaya gare shi. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garinsu da hantsi, ita tana bakin rijiya. Ba ta ce komai a kan waɗanda ke cikin gidan ba, ni ma ban tambaya ba.

Maigida da farko dariya ya yi, ya ce tsoro ne na wanda ya ga abu. Amma wata Laraba ya dawo daga garka tun kafin azahar, bai ko yi ban-ruwa ba. Ya ce ya ga sawun manyan takalma tsakanin fangalolin tattasai, sun fito daga kogi, kuma bai ga inda suka koma ba. Bai ci abinci ba. Ya ɗauki diga ya nufi katangar baya.

Gwaggo ta tsaya a kansa yana fasawa. Da ya ajiye digar ta ce, "Ƙara, ɗana. Mai goyo za ta bi nan da gudu."

Muka rataya zana a wurin. Maƙwabcinmu ya leƙo ya duba, bai tambayi dalili ba. Kafin wata ya ƙare, shi ma ya fasa tasa.

Gwaggo ta mai da tabarmarta gindin zanar. Nan take wuni da carbi, takalmanta a ƙafa.