Gwiwar Kawuna

Jikana ya dawo daga ƙwallo ya jefar da jakarsa a bakin ƙofa, sai warin man zafi ya cika falon, irin mai yajin nan da ake murza wa ƙafa. Ina tsinkar ganye a lokacin, hannuna ya tsaya cak. Warin ɗakin Kawu ne a unguwar Jarwal.

Kai mai karatu, idan a 'yan shekarun nan ka zo Makka, ba ka ga Jarwal ɗin da nake nufi ba. Namu ɓangaren gidajen dutse ne a jikin tudu, da lunguna masu ƙunci, in jakin mai ruwa ya shigo sai ka manne da bango. A nan gidan Kaka yake, mahaifiyar Inna. Da ƙafa ta taso daga ƙasar Katsina, ta ratsa Chadi da Sudan, ta haifi Inna a hanya, ta haifi autanta a Makka. Autan nan shi ne Kawu.

Kawu ɗan ƙwallo ne, na gaske, wanda ƙungiya ke biya. A gefen dama yake bugawa, aikinsa ya karɓi ƙwallo ya zura da ita, a bi shi a rasa. Ranar wasa Baba yakan ɗora rediyo a kan taga, maƙwabta su cika zaure. In muryar mai ba da labari ta fara hawa tana sauri, ko ba ka jin Larabci ka san ƙwallo ta shiga ƙafar Kawu. Kaka tana tsakar gida tana jan carbi, sai ta ɗago.

"Sun sake bin sa? Wai me yaron nan yake satar musu?"

Haka take yi, amma ita ke wanke rigarsa da hannunta, ba ta yarda wani ya taɓa.

A gida ma gudu yake. A tsakiyar zafi, lokacin da dutse ke ƙona tafin ƙafa, a aike shi ƙasan tudu sayen ƙanƙara, ya dawo buhun bai gama jiƙewa ba. Da safe ya kawo ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, gurasar tana ƙona hannu kamar a bakin tanda ka karɓa. Yakan ɗora ni a wuya ya haura matakalar lungunmu biyu-biyu, ina ihu ina riƙe da kunnuwansa, Inna tana biyo mu da faɗa. Ban taɓa jin tsoron zai yar da ni ba.

Wata shekara, ana gab da aikin Hajji, aka taka masa gwiwa a wasa. A mota aka kawo shi, ƙafar naɗe da farin bandeji. Likitan ƙungiya ya ce jijiya ce ta taɓu, za a yi masa aiki bayan Hajji, kuma in ya kiyaye zai koma fili. Sharaɗin ɗaya ne: kada ya ɗora wa ƙafar nauyi. Kawu ya kwanta, ɗakinsa ya cika da warin man nan, yana jiran alhazai su zo su tafi.

Lokacin Hajji a gidanmu ba a zama. Ɗakuna mukan bar wa baƙi mu koma saman soro. Tukunyar tuwo ba ta sauka, hayaƙi da warin daddawa su gauraye da turaren alhazai, ko'ina harami a shanye, ko'ina butoci. A cikin baƙin shekarar akwai wani tsoho, limamin garinsu Kaka. Shi ya yi wa mahaifinta wanka ya sallace shi, tana nan Makka ba ta ma ji labari ba sai bayan shekara. Tsohon ya ƙare ƙwarai. Da aka sauko daga Mina ko tsayuwa ba ya iyawa, ga ɗawafi da Safa da Marwa suna jiransa.

A wancan zamani marasa ƙarfi a shibriyya ake ɗaukarsu, wani gadon katako ne da mutum huɗu ke ɗorawa a ka. Akwai masu yin sa haya, yawancinsu ma mutanenmu ne. Amma a unguwarmu baƙon da ya zo daga garinku ba a miƙa shi ga 'yan haya, 'ya'yan gida ke ɗaukarsa, in ba haka ba labari ya riga alhazai isa gida. Kuma dole mutum huɗun tsayinsu ya zo ɗaya, don in ɗaya ya gaza gadon zai karkace. Baba dogo ne, ƙaninsa dogo, maƙwabcinmu tela dogo. Aka gwada samarin lungu, duk sun gaza. Kowa ya san wanda ya rage, ba wanda ya faɗa.

Inna ce ta yi ƙarfin hali. "Iya, likita ya ce ko bokiti kada ya ɗauka."

Kaka ta ce, "Likita ya san wanda ya binne ubana?"

Sai ga Kawu a ƙofar ɗaki yana warware bandejin.

"Yaya, bar shi. Tafiya ce, ba gudu ba." Ya dube ni. "Ke 'yar Yaya, naɗo mini gammo mai kauri."

Da tsohon zanen Inna na naɗa, na matse shi da kyau, ina jin daɗi an sa ni aikin manya. Har yau ina ganin hannuwana suna naɗin nan.

Ni da Inna muka bi su a baya, ina riƙe da takalman tsohon. Jama'a ta cika Harami maƙil, rana a tsaka. Baba yana gaba yana kiran "Hashab! Hashab!", wato ga katako nan, a ba da hanya. A ɗawafi Kawu bai nuna komai ba, sai gumi da ke zuba ta ƙarƙashin gammon. A Safa da Marwa ne na fara ganin ƙafar tana ja. A hawan Marwa na ƙarshe gwiwar ta lanƙwashe ta gefe, yadda gwiwa ba ta lanƙwashewa. Gadon ya sunkuya, mata suka yi salati. Kawu ya cije, ya miƙe a kan ƙafar nan, ya ƙarasa. Da aka sauke tsohon ya kama kan Kawu da hannu biyu yana kuka yana sa masa albarka. Mu ma muka yi ta kuka, na farin ciki. Kaka kuwa ranar har rawa ta taka a tsakar gida.

Washegari gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Asibiti cike da alhazai, hanya a toshe, sai aka kira wanzamin unguwa ya yi masa sakiya. Aka sa ƙarfe a wuta, aka kore mu yara, amma ƙaurin ya same mu har soro. Bayan Hajji likitan ƙungiya ya ga ƙafar, aka ce ya daɗe yana kallonta. An yi aikin, bai yi amfani ba. Sau ɗaya Kawu ya sake shiga wasa. Muka taru a gindin rediyo, muryar mai labari ba ta hau ba ko sau ɗaya, can muka ji an ce an fitar da shi. Baba ya miƙe ya kashe rediyon. Kaka ba ta yi barkwancinta ba.

Ban taɓa jin ya ɗora wa Kaka laifi ba, ko bayan rasuwarta. Da aka daina shibriyya aka koma keken turawa, sai ya zama mai tura tsofaffi a Safa da Marwa. Yana ɗingishi, amma in aka zo tsakanin koren fitilun nan, inda maza ke sassarfa, sai ya ce wa tsohon da ke keken, "Alhaji, riƙe hularka!" ko da ba hula a kansa. Ya zura da shi. Na gani da idona bayan na yi aure, wani tsoho yana ta ƙyalƙyala dariya a cikin harami kamar yaro, Kawu a bayansa yana tsalle da ƙafa ɗaya da rabi.

Daga baya aka rushe ɓangarenmu, muka watse. Ni na koma unguwar Shisha da iyalina, shi ya kama ɗaki a unguwar Kudai kusa da tashar bas, inda ƙarar mota ba ta yankewa. Ina da ɗakin da zan iya sa shi, ban sa shi ba. Na riƙa cewa sai yara sun tashi, yara suka tashi na ce sai na ji sauƙin baya. Yanzu bayan nawa ba zai yi sauƙi ba, shi kuma ƙafar ta daina ɗaukarsa kwata-kwata.

Watan da ya wuce ya ce yana son Umra. Na sa ɗana ya kai mu. Aka ɗora shi a 'yar motar lantarkin nan da ake ɗaukar tsofaffi, ba ƙara, ba gumi, wani saurayi yana tuƙi, ni ina gefensa. Da muka shigo ƙarƙashin koren fitilu sai na ga Kawu ya gyara zama ya kama ƙarfe.

"Ɗana, ɗan taka mana," ya ce da Larabci.

Yaron ya yi murmushi. "An hana, Baffa. Gudunta ɗaya ne."

Kawu ya saki ƙarfen. Muka wuce fitilun a hankali, sau bakwai.

Da muka mayar da shi ɗakinsa, ina jera masa magunguna, sai ya ce, "'Yar Yaya, wane wasana kika fi tunawa? Wanda kika gani."

Na ce, "Kawu, ai lokacin mata ba sa zuwa fili. A rediyo nake jin ka."

Ya mayar da idonsa bango, ya ce:

"Ashe ke ma ba ki gani ba."

Baba ya rasu, ƙaninsa ya tafi, tela ya tafi. Filin da Kawu ya yi wasa an yi gine-gine a kansa, lungun da yake haurawa da ni yanzu wurin ajiye motoci ne a ƙarƙashin otal. Yanzu mata na shiga filin ƙwallo, har 'yata ta ce za ta kai ni. Na ce mata ta bari. Ban san wa zan je in kalla ba.