Baba Latun da Sunan da Ya Ƙi Faɗa

Kafin masu shara su gama da harabar tasha, Baba Latunbosun Fajuyigbe ya riga ya iso, jakar buhu a kafaɗa, hula a karkace. Yakan fara zama a rumfar Iya Mulika mai abinci ya sha ruwan citta mai zafi, ya yi ta gyaran murya har sai ta ce masa ya isa haka, zai kore mata masu ciniki. Sannan ya duba motar da ta fi ƙin cika, ya dafa ƙofarta, ya zaro littafi.

Sana'arsa ke nan tun ina 'yar makaranta: sayar wa fasinja littattafan ban dariya a wannan tasha tamu ta Ibadan. Sai dai shi ba ya talla, karatu yake yi. Zai ɗauki labari ya canza murya, ya zama surukar da ta zo kwana biyu ta shekara, ko malamin da akuya ta cinye masa takardun jarrabawa, har mota ta kaure da dariya. Daidai inda labari ya fi daɗi sai ya rufe littafin.

"Haba Baba, ƙarasa mana!"

"In ƙarasa ni kuma in ci me? Ragowar tana shafi na gaba, 'yata, shafin kuwa na sayarwa ne."

Direbobi suna sonsa, don fasinjan da ke dariya ba ya sauka ya nemi wata mota. Masu maganin basir da masu wa'azi, waɗanda suke rububin ƙofa ɗaya da shi, ba zan ce suna sonsa ba.

Ni sunana Modupe. Ina da kamfanin buga littattafai, in dai za a kira ɗaki ɗaya da fanka kamfani. Duk shekara nakan tattara gajerun rubuce-rubucen raha na Yarabanci in fitar da su littafi guda. Sunana ne a bango, ni ake gayyata taro a ba ni kujerar gaba. Amma gaskiya ɗaya ce, rabin abin da nake bugawa ta hannun Baba Latun yake zuwa. Ungozoma, tela, ɗan sanda mai ritaya, kowa sai ya faki idon mutane ya tura masa takarda ya ce, "Baba, ni ma na ɗan taɓa."

Wata shekara ya kawo min wani rubutu da ya kwafe da hannunsa, babu sunan mai shi. Taken rubutun shi ne "Ciyaman Ba Barci Yake Ba, Tunani Yake". Labarin wani shugaban direbobi ne mai tumbi, wanda kujera ke kuka in ya zauna, yana minshari tsakiyar shari'a, in ya farka sai ya ci tarar wanda ya fi kusa da shi. Na yi dariya har na ƙware. Na tambayi Baba wa ya rubuta.

"Wani direba ne," in ji shi. "Ki buga kawai, 'yata."

Na buga. Littafin ya karɓu, kuma kowa a tasha ya gane hoton Alhaji Sunmonu Ajagbe, ciyaman ɗin direbobinmu. Yaran mota suka shiga yin minshari in ya wuce. Alhaji Sunmonu ba mugu ba ne, amma mutum ne da bai san wasa ba, kuma layin lodi a hannunsa yake. Direban da ya cire daga layi, motarsa ta zama kwanon banza.

Iya Mulika na nan ranar da ya sa aka kira Baba Latun, ita ta ba ni labari. Baba ya zube ya gaishe shi, duk da ya girme shi.

"Latun, wannan ba rubutun ɗan jarida ba ne. Wanda ya san kukan kujerata yana cin abinci a tashar nan. Waye?"

"Alhaji, ni karatu na iya. Tona asiri ba a koya min ba."

"To ka ɗauki buhunka. Ranar da ka tuna sunan, ƙofa a buɗe take."

Na je wurin ciyaman da kaina na durƙusa, na ce laifina ne, ni na buga. Ya ce in kawo suna. Ban san sunan ba, kuma wallahi na gode Allah da ban sani ba, don ban tabbata gwiwata za ta yi ƙarfin ta Baba ba.

Haka Baba Latun ya koma bakin titi, wajen ƙofar tasha, inda tireloli ke wucewa. A cikin mota rabin murya ta ishe shi. A can kuwa sai ya yi gasa da hon da hayaƙi, ga damina. Mutane na sauri, ba mai tsayawa jin surukar da ta shekara. Ya rame, agbadarsa, babbar rigar nan tasa, ta yi masa yawa. Iya Mulika takan aika masa amala da miyar ewedu, wato lalo, wata rana dai ta kasa haƙuri ta je da kanta.

"Baba, faɗi sunan nan ka huta mana! Ɗanka ne?"

"Da ɗana ne ai da tuni na faɗa, in ya so ya sha mari a gida. Wannan in aka cire shi daga layi, ba a hura wuta a gidansa."

"Kai fa, ana hurawa a naka?"

"Ke kike hura min, Iya Mulika. Ƙara yaji gobe."

Baba Latun, kai ne ka tsaya cikin ruwa watanni saboda mutumin da yake wuce ka kullum da mota, bai isa ko ya ɗaga maka hannu ba don kar a gane shi. Kai ne ka ba da muryarka, jarinka kaɗai a duniya, don wani ya ci gaba da lodi. Duk lokacin da na tuna, sai zuciyata ta karye, ina alfahari da kai kuma ina jin tausayinka.

Abin da roƙo ya kasa, kishi ya yi. Akwai ciyaman ɗin wata tasha a ƙetaren gari, Oga Tiamiyu, wanda ba sa ga maciji da Alhaji Sunmonu. Shi sai ya sayi littafin da yawa yana rabawa, yana bugun ƙirji wai shi aka rubuta, don shi ne ciyaman ɗin da ya isa shiga littafi. Da labari ya iso, an ce Alhaji Sunmonu ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Tiamiyu? Wannan tsinken tsiren? Tumbin da aka rubuta, yana da shi? Ku kira min Latun!"

Aka tara direbobi, aka sa Baba ya karanta daga farko har ƙarshe. Ciyaman ya ce ya faɗa wa jama'a wa ake nufi.

"Alhaji, marubuci bai kama suna ba. Amma minsharin dai na san mai shi."

Tasha ta fashe da dariya, ciyaman na gyaɗa kai kamar an naɗa shi sarauta. Bai sake tambayar sunan ba a ranar, amma bai taɓa cewa ya yafe ba, kuma har gobe shi ne ciyaman.

Baba ya dawo ƙofar mota, muryar ce ba ta dawo duka ba. Ya lallaɓa da ita 'yan shekaru, tana dushewa, har watan jiya likita ya ce ya ajiye karatu ko ya rasa magana gaba ɗaya. Ranar sallama Iya Mulika ta dafa shinkafa, direbobi suka yi masa anko. Da aka nemi mai karatu, Alhaji Sunmonu ne ya sa tabarau ya karanta labarin kansa, yana tuntuɓe a kowane layi, yana tsayawa yana gyara wa marubucin girman tumbin.

Da taro ya watse na raka Baba bakin titi. Na ce, "Baba, yanzu ai ka bar tasha. Ko ni ka faɗa min, in buga sunansa a littafin bana, ya ci yabonsa."

Sai da na sunkuya sannan na ji abin da ya ce.

"Autarsa ba ta gama makaranta ba, 'yata."

Mun gode, Baba Latun. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka maƙogwaro, ya ba ka hutu mai daɗi. Mu masu buga littafi da masu sayarwa, mu koyi wannan daga gare shi: wanda ya ba ka dariya amana, ka riƙe masa bayansa. Kai kuma direba, na san za ka karanta wannan. Kar ka zo wurina. Gidan Baba yana nan bayan kasuwar Oje, kuma likita ya ce zuma za ta taimaka masa. Ka ajiye a bakin ƙofa, ba sai ka yi sallama ba.